Wa Ke Kashe Samarinmu A Kan Hanya?

Wannan jawabi wani dattijo ɗan kasuwa ne ya yi shi a wurin taron mako. Mun buga shi yadda ya faɗa.

Jama'a 'yan'uwana talakawa, masu rumfa da masu kasa kaya a ƙasa, da 'yan dako, da iyayenmu mata, da ku direbobi da na ke hangowa can baya kun jingina da bango, ina gaishe ku duka. Ku matso kusa, maganar yau da ku za a yi ta, ba a bayan idonku ba. An ce in yi magana a kan tuƙi cikin maye da yadda samarinmu su ke ƙarewa a kan hanya. Ni ba likita ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba ne. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na taɓa yin shiru a wurin da bai kamata ba, kuma har yau ina ɗauke da nauyin wannan shiru.

Ina da wani yaron shago, ɗan maƙwabcina, shekararsa 19. Ubansa ne ya kawo mini shi da hannunsa, ya ce ga amana, a koya masa ciniki. Wata rana na ɗaura masa kaya zai kai wata kasuwar ƙauye, na raka shi tasha da sassafe. Aka gama lodi, aka biya kamasho, sai aka nemi direba aka rasa. Can sai ga shi ya ɓullo daga bayan tasha, idonsa ja wur, yana taunar kanumfari, yana ta barkwanci da ƙarfi, abin dariya da wanda ba na dariya ba. Da ya zo wucewa ta gabana na ji warin abin. Na ji, jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba. Tsohuwar da ke kujerar baya ma ta ji, don na ga ta kai gyale hanci. Ɗan kamasho ya sani. Amma kaya sun riga sun hau, kuɗi sun fita, kasuwa kuwa ba ta jiran kowa. Sai na ce a raina, ai waɗannan sun saba, kullum haka su ke zuwa su dawo. Na ce wa yaro Allah Ya kiyaye hanya, na koma rumfa.

Bayan la'asar aka aiko. Mota ta ƙwace a wata kwana, ta bar kwalta. Yaron yana cikin waɗanda ba su tashi ba.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ya ƙare, sai haƙuri. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Ni ma haka na riƙa cewa, ina karɓar gaisuwa tare da uban yaro kamar ba ni da hannu. Amma in tambaye ku. Wa ke cikinku da ya ke tashi daga kasuwa ya bar rumfarsa a buɗe, ya ce in an ƙaddara za a yi sata za a yi? Babu. Kwaɗo biyu mu ke sawa, sa'an nan mu haɗa kuɗi mu biya mai gadi. To, ashe mun san ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki in a kan atamfa ne da buhun shinkafa. Sai a kan ran ɗan mutum ne mu ke naɗe hannu. Malamanmu ba su koya mana haka ba.

Bari in ba ku lissafi, don kada a ce tsoho ne kawai ya ke kukan abin da ya same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, watau sama da mutum 3,000 kowace rana ta Allah. Ta ce kuma daga ɗan shekara 5 zuwa ɗan shekara 29 ba abin da ya kai haɗarin hanya kisa. Ku sake ji. Ba zazzaɓi ba, ba tarin fuka ba, ba yaƙi ba, hanya. Maza kuwa sun ninka mata wajen sau 3 a cikin waɗanda ke mutuwa. Nahiyarmu ta Afirka ita ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'a, alhali mu ne mu ka fi kowa ƙarancin motoci.

A nan gida, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda mu ke kira 'yan rod sefti, ta ƙirga mutum 5,421 da su ka mutu a hanyoyin Nijeriya a 2024, watau kamar mutum 15 a rana. Wannan fa waɗanda su ka shiga takarda ke nan. Yaron da babur ya kayar a ƙauye aka yi masa sutura kafin azahar, wa ya rubuta shi? Wanda aka kai asibiti ya cika bayan mako biyu, wa ya koma ya gyara lissafi? Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nata ƙiyasi na shekarar 2016, sai ta ce adadin ya kusa 40,000, alhali abin da aka rubuta a wannan shekara bai wuce 5,000 da 'yan kai ba.

In kun duba takardun hukuma za ku ga babban dalilin da a ke rubutawa shi ne gudu fiye da kima, maye kuwa ɗan kaɗan ne a lissafin. Ni ban ce ƙarya su ka rubuta ba. Amma wa ya auna? In mota ta faɗi, jama'a na ta ciro mutane, direba ko ya mutu ko ya tsere daji don tsoron duka, wa ke tsayawa ya binciki abin da ke cikin jininsa? Sai a rubuta gudu. To, gudun nan me ya kawo shi? Mutum mai hankalinsa, da iyali a gida, ya ga kwana ya ga tirela tana tahowa, ya ce zai wuce ta gabansa, me ya ba shi wannan ƙarfin zuciya?

Direbobi sun san giya biyu ce a mota, akwai ta hannu akwai ta ciki. Ta cikin na ke so in bayyana yadda ta ke aiki, don a nan ne yawancin ƙaryar ta ke. Barasa ba kamar tuwo ba ce da sai ya daɗe yana narkewa. Da ta sauka ciki sai ta ratsa ta shiga jini, cikin 'yan mintoci ta isa ƙwaƙwalwa, balle in cikin ba abinci. Abin da ta fara taɓawa kuwa ba ƙafa ba ce, ba harshe ba ne, hankalin da ke ce wa mutum yi a hankali shi ta ke fara kwantarwa. Sabo da haka mutum bai yi tangaɗi ba, maganarsa daidai, amma ya riga ya lalace ga tuƙi. Shi a ransa ji ya ke bai taɓa ƙwarewa kamar yau ba. Ganinsa na gefe ya ragu, awon nisa ya ɓaci, tsakanin ido ya gani da ƙafa ta taka burki an sami jinkiri. Kada ku raina wannan jinkiri. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, watau taku kusan 40 na babban mutum. Ƙiftawar ido ke nan. A cikin wannan taku 40 akwai yarinya mai tallar gyaɗa, akwai garken shanu, akwai motar da ta lalace aka sa mata ganye.

Sai ka ji wani ya ce ai na ci goro, na sha shayi mai kauri, na watsa ruwan sanyi, ta sake ni. Ba ta sake ka ba. Hanta ce ke fid da mafi yawan barasa daga jini, kuma ba a yi mata gaggawa. Babbar kwalba ɗaya ta kan ɗauke ta awa 2 ko 3. Goro da shayi buɗe maka ido kawai za su yi, ka zama bugagge mai ido biyu. Wanda ya raba dare yana sha, ya yi ɗan barci, ya tashi da asuba ya kama sitiyari, sau da yawa abin yana nan cikin jininsa.

Na san abin da waɗansu ke faɗi a ransu. Suna cewa wannan magana ta mutanen wata ƙasa ce, mu nan an hana giya, ba mu ga Hisba ta tattake kwalabe 240,000 a Kano a 2013 ba? Mun gani. Amma motocinmu ba a cikin ganuwa su ke kwana ba. Suna zuwa Ikko, suna zuwa Anaca, suna zuwa Fatakwal, suna kwana a hanya, kuma duk wanda ya taɓa bin manyan motoci ya san abin da a ke sayarwa a wuraren da su ke yada zango. Sa'an nan abin yanzu ba ya bukatar kwalba. An ƙulla shi a 'yar leda kamar ruwan sha, ya shiga aljihun riga ba wanda ya gani, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Giyar kwalba ƙarfinta kamar kashi 5 ne cikin 100, ta leda kuwa ta kan kai kashi 30 ko 40. Wata a ce maganin basir ce, wata a ce maganin ciwon baya. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu yin ta a 2018, aka ba su shekara 5 su daina, wa'adi ya cika a ƙarshen Janairu 2024. Da aka zo hanawa sai kamfanoni su ka yi ca, aka yi ta kai da kawowa, aka ƙara musu lokaci zuwa ƙarshen 2025. Ku lura da wannan. In talaka ne ya kasa kaya a bakin titi, ba a ba shi shekara 5, ko minti 5 ba a ba shi.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi shafarmu. Maye ba a barasa kaɗai ya ke ba. Akwai wanda ko kusa da kwalba ba ya zuwa, yana ganin mai shan giya ɗan wuta ne, amma aljihunsa cike da ƙwaya. Ga tiramadol, ga ruwan tari mai kodin, ga wiwi, ga sholisho. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin su ka sha ba da izinin likita ba. A watan Mayu na shekarar nan aka hana yin ruwan tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol kuwa magani ne na ciwo mai tsanani, likita kan ba da mai lamba 50 ko 100, amma wanda a ke sayarwa a ɓoye mai lamba 200 ne ko 225. Yana ɗauke jin gajiya, mutum ya ga kamar zai iya kwana uku bai runtsa ba, alhali gajiyar tana nan, an rufe mata baki ne kawai. In ya yi yawa ya kan kawo gyangyaɗi, ya kan kuma jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba sallama. Ku ƙaddara wannan ya sami mutum yana riƙe da sitiyarin tirela a hanyar Zariya.

Yanzu zan taɓo inda zai yi mana zafi, mu 'yan kasuwa. Me ya sa direba ke shan ƙwaya? Waɗansu lalacewa ce, ba musu. Amma da yawa neman abinci ne ya kai su. Mai mota yana zaune a inuwa, ya ce a je Ikko a dawo cikin kwana kaza, in an makara a zaftare kuɗi. Yaron da ke jan adaidaita sahu sai ya haɗa balas ɗin mai shi tukuna, ya sayi mai, ya sallami masu karɓar haraji iri iri, sa'an nan ya fara neman na cefane, don haka daga asuba har dare yana kan titi. Sai kuma mu. Wa ke loda tumatir da tattasai daga Kadawa ya ce wa direba, ka san kayan gwari ba su jira, in ka shiga kasuwa kafin asuba akwai tukwici? Tsakanin Kano da Ikko tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Mutum ɗaya, ido biyu. Mun san ɗan Adam ba zai iya wannan ba sai da taimakon wani abu, mun kuma san ko mene ne abin, amma sai mu kau da kai. Ba mu saya masa ƙwayar da hannunmu ba, amma tukwicin nan kuɗinta ne. Kuma wa ke kan kayan can sama? 'Ya'yanmu ne, yaran shago da karnukan mota, su ne a kan buhu, su ne a kan bodin motar shanu. In mota ta kife mai kaya yana gida, asararsa tumatir ce.

Samari kuma, ku ma ba zan ƙyale ku ba. Na ga abin da ku ke yi ran kai amarya da ran Salla. A ɗauki motar uba ko babur na aro, a haɗiyi abin da a ka haɗiya don a cire kunya, a cika mota har da zama a taga, a riƙa tsere a cikin unguwa ana juyi ana ta da ƙura don 'yan mata su yi guɗa. Gida nawa ne aka shiga da kayan biki aka fito da makara? Saurayi ko bai sha kome ba hannunsa bai nuna a tuƙi ba tukuna, ga zafin jini, ga abokai na zuga. In an ɗora maye a kan wannan, an haɗa wuta da auduga. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa iyakar barasar da doka za ta yarda a samu a jinin sabon direba da matashi ta zama ƙasa ƙwarai da ta sauran mutane, kusan babu.

To, abin yana da magani ko kuwa sai dai kuka? Yana da shi. Zan ba ku labarin ƙasashe biyu da su ka fi mu shan giya nesa ba kusa ba, amma su ka rage mutuwar, don ku ga ta inda aka bi.

A Amurka, a jihar Kalifoniya, cikin watan Mayu 1980, wata yarinya 'yar shekara 13 tana tafiya a gefen hanya sai wani bugagge ya banke ta da mota, ya gudu, ta mutu. Da aka kama shi sai aka tarar ba yau ya fara ba, an sha kama shi da laifin tuƙi cikin maye, a lokacin ma beli ya ke. Uwar yarinyar, Candy Lightner, aka gaya mata da wuya mutumin nan ya yi wani zaman kurkuku na kirki, don a zamanin nan can ma ana ɗaukar abin kamar tsautsayi ne kawai. Matar nan ba 'yar majalisa ba ce, ba matar wani babba ba ce. Ta tara iyaye mata irinta, su ka kafa ƙungiyar uwaye masu yaƙi da tuƙi cikin maye, wadda a ke kira MADD. Su ka riƙa zuwa kotu suna zama a gaban alƙali duk ran da a ke shari'ar irin wannan, su ka riƙa zarya ofishin gwamna da majalisa ɗauke da hotunan 'ya'yansu. Cikin shekara 4, watau a 1984, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta matsa wa jihohi su mai da shekarun sayen giya 21. A 1982 mutum sama da 21,000 ne su ka mutu a haɗurran da bugaggun direbobi ke ciki a ƙasar. Zuwa 2011 adadin ya sauko ƙasa da 10,000, alhali motoci da mutane ƙaruwa su ka yi. Amma kada ku ce an gama, don a 2021 ya sake haurawa sama da 13,000. Abin kamar ciyawa ne, in an daina noma sai ta dawo.

Ingila kuwa ta wata hanya aka bi. Da can ɗan sanda sai dai ya ce wa direba ya yi tafiya a kan layi ya gani ko zai yi tangaɗi, a je kotu a yi ta gardama. A 1954 wani jami'in 'yan sanda a jihar Indiyana ta Amurka, Robert Borkenstein, ya ƙera wata 'yar na'ura da mutum zai busa. Hikimarta ita ce barasar da ke cikin jini tana fitowa ta huhu tare da numfashi, sabo da haka in an auna numfashi an san abin da ke jini, ba rantsuwa ba musu. A 1967 ministar sufuri ta Ingila, Barbara Castle, ta kawo doka aka yanka iyaka, aka ba 'yan sanda na'urar busawa. Masu gidajen giya su ka yi mata ca, aka zage ta, har wasiƙun barazana aka aika mata, ana cewa mace ce da ko tuƙi ba ta iya ba. Ba ta janye ba. A shekarar farko mutuwar hanya ta ragu da mutum sama da 1,000. Daga baya, a 1976, jihar Biktoriya ta Ostireliya ta ƙara gaba, ta ce ba sai an ga alama ba, kowane direba ana iya tsai da shi ko yaushe ya busa. Abin da a ka koya daga nan shi ne, ba girman hukunci ne ke tsorata mai sha ba, sanin cewa lalle za a kama shi ne.

Mu ma muna da doka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokar hukumar ta 2007 ta lissafa tuƙi cikin mayen barasa ko ƙwaya a cikin laifuffuka, ta sa masa tarar naira 5,000 a jadawalin tara. Ku da ke sayar da kaya kun san abin da naira 5,000 ta koma. Amma ni ba tarar ce ta fi damuna ba. Direbobin da ke can baya, don Allah wanda aka taɓa tsayarwa a ka ba shi na'ura ya busa, ya ɗaga hannu. Kun gani? Ku ƙirga da kanku. Amma in na ce wanda aka taɓa tsayarwa a shinge ya miƙa ɗan abin da ya miƙa ya wuce ba a ko dubi idonsa ba, hannuwa ba za su ƙirgu ba. Shingen da ke duba aljihu ba ya duba ido, me ya tsare? Muna biyan haraji a kasuwa, muna biya a tasha, muna biya a hanya. Haƙƙinmu ne mu tambayi waɗanda mu ka zaɓa, na'urar busawa nawa ce a jiharmu, a hannun wa ta ke, mutum nawa aka auna bara? In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, ku yi masa wannan tambaya a gaban jama'a.

Amma ba za mu zauna jiran gwamnati ba, don mota gobe da asuba za ta tashi. Abin da na kasa yi ran nan shi na ke roƙonku ku yi. In kun zo tasha ku dubi direba kamar yadda ku ke duban kuɗi in kuna shakkar jabu ne. Ku gaisa da shi, ku tsaya kusa, ku dubi idonsa, ku ji maganarsa. In ba ku yarda ba, ku faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ku sauka. Na san da wuya. Mutum ɗaya in ya yi magana sai a ce malam ka cika tsoro, ko kai kaɗai ne mai rai? Har fasinjoji 'yan'uwanka su taya direba yi maka dariya. Sabo da haka in kun ji wani ya fara, ku mara masa baya nan take. Mutum ɗaya a kan yi masa dariya, amma in mutum 5 su ka sauka su ka ce a ba su kuɗinsu, ɗan kamasho da kansa zai nemo wani direba, don shi ma ba ya son mota ta tashi da kujera a wofi. In kuma a tsakiyar hanya ne ku ka gane, ku haɗa baki ku sa ya tsaya a gari na gaba. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana da lambar waya ta kyauta, 122, ku sa ta a wayoyinku yau.

Iyaye mata, ku kun fi kowa sanin ɗanku. Kun san ran da ya shigo idonsa ba daidai ba. Ɓoye makullin babur ba cin mutunci ba ne. Masu rumfa kuwa, wanda duk ke sayar da ledar nan ko ƙwaya a bakin tasha, a ƙarƙashin faranti ko a cikin akwatin magani, mun san shi, ɗanmu ne ko ƙanenmu. A kira shi a gaya masa tun da arziki, in ya ƙi a kai maganarsa ga shugabannin kasuwa. Mu masu loda kaya zuwa nesa kuma, mu daina tukwicin asuba. In tafiya ta kai ta kwana, mu ce sai da direba biyu, mu yarda a ɗora kuɗin a kan kaya. Kwando zai ƙara 'yan nairori, na sani, za a yi gunaguni, ni ma zan yi.

Ga shawarar da na kawo gaban wannan taro. A zaɓi mutum 5 a cikinmu, a sa mata 2 a ciki, su je su zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi na tasharmu a cikin makon nan. A nemi abu uku a wurinsu: a kori masu sayar da kayan maye daga cikin tasha da bayanta, a yarda duk fasinjan da ya sauka don direba ba ya cikin hayyacinsa a mayar masa da kuɗinsa ba gardama, sa'an nan in hukuma ta ce ba ta da na'urar busawa da za ta ajiye mana, mu yi karo-karo mu saya, a ba wani amintacce a bakin ƙofa, duk motar da za ta fita direbanta ya busa. Na'urar ba ta kama ƙwaya, wannan sai ido da sanin juna, kuma direbobi sun fi mu sanin wane ne wane a cikinsu. Direbobin kirki, waɗanda su ne mafi yawa, su za su fi kowa jin daɗi, don su ne ke haɗuwa da bugaggen a kan hanya da tsakar dare.

Na gaya wa uban yaron nan gaskiyar abin da na gani a tasha bayan shekara biyu. Ya yi shiru ya daɗe, sa'an nan ya ce ya yafe, amma in riƙa faɗa wa mutane. Yana nan zaune a cikinku, ba zan nuna shi ba. Ma'aji, buɗe littafi, ka rubuta sunana a farkon karo-karon.